Zailani da Carbin Tsibiri

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a ɗakin abincin Hajiya Rahila, hawa na huɗu a wani tsohon bene da ke unguwar Xiaobei, ya san Zailani. Ko bai gan shi ba, ya ji muryarsa tun daga ƙasan matattakala. Shekararsa bakwai a Guangzhou, amma abin da ya iya na yaren China kalma huɗu ne kacal: nihaw ta gaisuwa, sheshe ta godiya, lawban wato maigida, sai meyo wato babu. Da waɗannan huɗun yake rantsuwa cewa ko gaban alƙali aka kai shi zai kare kansa. Ni mai ba ku labarin nan kayan waya nake saye ina turawa gida, teburinmu ɗaya da shi, kuma wallahi na sha surutunsa fiye da yadda na sha miyar Hajiya.

Aikinsa a garin shi ne wakilcin Alhaji Maidaji, babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari, wanda kuma yayan matarsa Safiya ne. Ba don wannan auren ba da tuni an manta Zailani ya taɓa taka China. Shi ne ya tura rigunan sanyi masu gashi suka sauka Kano a tsakiyar watan Afrilu. Shi ne ya tura takalman mata kwali arba'in, duk lamba talatin da biyar, ya ce ai ƙafar matan Kano ƙarama ce. Sau biyu Safiya tana zuwa gidan yayanta da kuka, sau biyu ana yafewa.

Yana da wata ɗabi'a, in Alhaji ya kira sai ya buɗe lasifikar waya ya ajiye ta a tsakiyar teburi, don kowa ya ji da manya yake hulɗa. Ran nan ma haka ya yi, sai muka ji abin da bai so mu ji ba.

“Zailani, ka saurare ni da kyau. Masallacin da na gina a garinmu za a buɗe shi bayan wata ɗaya. Ina son carbi dubu biyu na rabawa, na itace mai ƙamshi, ba na roba ba. Juma'ar sama ina nan Guangzhou da kaina zan gani.”

“An gama, Yaya Alhaji. Ai carbi kam...”

“Ban gama ba. In ka sake kwafsawa, jirgin da ya kawo ni da shi za mu koma tare, in ba ka tsintsiya a shago. Ko Safiya ta yi birgima a ƙofar gidana ba zan duba ba.”

Ƙit, ya kashe. Kowa ya duƙufa kan tuwonsa. Duk mun san babu abin da Zailani yake tsoro a duniya kamar komawa Kano a matsayin yaron shago, bayan shekara bakwai yana tura wa abokansa hotuna a gaban dogayen gine-gine. Amma sai ya yi dariya ya ce, “Haka muke wasa da shi.”

Hajiya Rahila, wadda ta fi shekara goma tana tuƙa tuwo a garin kuma babu lungun da ba ta sani ba, ta ajiye tulun shayi ta ce, “To Lawban, ka sauka ƙasa mana. Matar nan ta shago na uku carbi take sayarwa, kowane iri. Kafin la'asar ka gama.”

“Hajiya, ki tsaya a kan tukunya. Waɗannan 'yan kayi-nayi ne. Ni tushe nake zuwa.”

Ya zaro waya ya nuna mana wani bidiyo. Wani tsibiri ne a tsakiyar teku, ga duwatsu ga itatuwa, ga jama'a maƙil, tsofaffi da matasa, kusan kowa da carbi, wani a hannu wani a wuya, baki yana motsi. Ya ce, “Kun gani? Garin da kowa ke da carbi, ina kuke zaton masana'antar take? Can zan je in ɗebo daga bakin inji.”

Malam Sharfaddeen ya karɓi wayar. Mutumin Damagaram ne, ya yi karatunsa a nan har furfura ta fara fito masa a gemu, yanzu tafinta ne a wani kamfanin dakon kaya, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake karanta rubutun China. Ya duba ya ce, “Zailani, wanga Putuo ne. Tsibirin ziyara ne na mabiya Buddha, can gabas wajen Ningbo. Carbin da ka gani a hannunsu...”

“Malam, na tambaye ka?”

“A'a, amma ka bari in ƙarasa.”

“Kullum ku 'yan boko sai an bari kun ƙarasa. Shekara nawa kana ƙarasawa, ko keke ba ka saya ba.”

Sharfaddeen ya miƙa masa wayarsa ya ce da guntun Faransancinsu na Nijar, “Bon. Allah ya kiyaye hanya.”

Ranar Lahadi da sassafe Zailani ya sha aski ƙwal kwabo, ya saka sabon kaftaninsa ruwan ɗorawa mai faɗin hannu, ya kafa hula, ya nufi filin jirgi. Daga nan sauran labarin tafiyar a saƙon murya muka riƙa jin sa, don muna da zauren WhatsApp mai suna Teburin Hajiya. Abin da ya ɓoye mana kuma daga baya ya fito, zan haɗa muku duka.

Bayan jirgin sama da mota, sai jirgin ruwa. Tsallaken bai kai rabin awa ba, amma mutumin da ya ce mana kakansa masunci ne a Wudil ya yi ta a rungume da ƙarfen gefe yana kiran sunayen Allah. Jirgin cike yake da tsofaffin mata masu ziyara, kowace da jaka rawaya a rataye. Wata ta tausaya masa ta cusa masa busasshen ɗan itace mai tsami a baki. Ya ɗago kai zai ce sheshe, iska ta yi sama da hularsa, ta faɗa teku. Saƙon da ya turo mana daga baya cewa ya yi, “Na ba wa teku hulata tukuici, don ta yi mini ladabi.”

Da ya sauka bai ga hayaƙin masana'anta ba, sai hayaƙin turare. Ko'ina gidajen ibada ne masu jan bango da lanƙwasasshen rufi, ga wani ƙaton mutum-mutumi can bakin ruwa yana kallon teku. Shagon farko da ya tarar ya sayi wani carbi mai manyan ƙwayoyi don samfur, ya rataya a wuya saboda hannunsa da jaka. To ku haɗa hoton da kanku: kai a aske tas, riga ruwan ɗorawa har ƙasa, ga carbi a wuya, ga tafiyar ƙasaita da ya saba.

Bai yi taku ashirin ba wata tsohuwa ta tsaya a gabansa, ta haɗa tafukan hannu ta sunkuyar da kai. Zailani ya ɗaga mata hannu ya ce, “Nihaw.” Sai ga wata, sai ga wasu uku. Aka fara ɗaukar hoto. Wani ya karɓar masa jaka, wani ya buɗa masa hanya. Nan take ya turo mana saƙo cike da murna.

“Jama'ar Teburi, ku gaya wa Sharfaddeen, har nan an san ni. Tun daga bakin ruwa ake zubewa ana gaishe ni. Mutanen nan sun san babban ɗan kasuwa in sun gan shi.”

Sharfaddeen ya saurara, ya buƙaci a sake kunnawa, sannan ya tambaye mu wace riga ya saka. Da muka gaya masa sai ya dafe kai.

Zailani ya ga jama'a sun nufi wani dutse, ya yanke hukuncin cewa masana'antar tana can sama. Matattakalar ta haura dubu. Wasu masu ziyarar duk taku uku sai su durƙusa su kai goshi ƙasa su miƙe, shi kuwa ya maƙale a bayansu, ba gaba ba baya. Awa biyu ya yi yana hawa. Da ya isa ya tarar da wani gidan ibadar, ya tambayi mai shara da hannu da ƙafa ina injin carbi yake, aka ce masa meyo. Ya sami bayan wani dutse ya haɗa azahar da la'asar, ya sauko.

Ga yunwa. Ya shiga gidan abinci uku yana kwaikwayon kukan rago, duk aka ce meyo, sai ganye da waken suya. Can bakin ruwa ya hangi wata mata da bokiti cike da kifi masu rai, manya-manya, mutane sun kewaye ta. Ransa ya yi fari. Ya kutsa ya nuna bokitin, ya nuna kansa, aka yi ciniki a kan allon waya, ya biya. Yana cikin waige-waigen inda za a gasa masa, matar ta kama hannunsa ta ɗora a bakin bokitin, suka tuntsurar da shi tare. Kifi suka watse cikin teku. Jama'a suka haɗa hannuwa suna waƙe-waƙensu, wasu tsofaffi har da hawaye. Ashe al'adarsu ce, a sayi mai rai a sake shi don neman lada. Zailani ya tsaya da bokiti a hannu yana kallon abincin darensa yana iyo. Mu dai abin da ya ce mana shi ne an karrama shi da buɗe wani biki.

Washegari ya haƙura da neman inji, ya shiga wani babban shago a layin masu tsaraba. Nan fa ya ga carbi na gaske, itacen sandal, ƙwayoyi sumul, ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ya rubuta dubu biyu a waya. Mai shagon ta zaro ido, ta yi magana a manhajar fassara, waya ta ce masa babu wannan adadin a nan, amma ya bar adireshi za a kai masa har ƙofa. Ta miƙo masa ɗaya ya duba. Ya shinshina, ya murza, ya ɗaga shi sama. Ƙirgawa ce kawai bai yi ba, don a cewarsa shi da ido yake auna kaya.

Ranar Laraba da hantsi ya dawo, ya rame ya yi zuru-zuru, amma baki yana nan. Abin mamaki, kwali huɗu suna jiransa a ƙofar Hajiya Rahila tun jiya.

“Kun ga aiki da manya? Kaya sun riga ni isowa. Daga tsakiyar teku fa!”

Hajiya ta ce, “Ikon Allah. Ni kuwa wani mai keke mai ƙafa uku na ga ya kawo su, ko gumi bai yi ba.”

Sharfaddeen ya sunkuya ya karanta takardar jikin kwalin. Ya karanta sau biyu, sannan ya ce, “Zailani, daga nan Guangzhou aka turo su. Wata kasuwar sari ce, tasha huɗu daga nan a jirgin ƙasa. Su ma mutanen tsibirin daga nan suke sarowa.”

Dariyar da aka yi har mai wanke-wanke sai da ta leƙo. Zailani ya ce ai ya sani, reshensu ne na nan, shi hedikwata ya je. Ya farke kwali ɗaya, ƙamshi ya cika ɗakin, kowa ya yaba, don gaskiya carbin ya yi kyau. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa mana shi a hanci. Har na fara cewa a raina wannan karon ya tsira.

Bayan mun idar da azahar a ɗan lungun da muke sallah, Sharfaddeen ya ɗauki ɗaya ya fara tasbihi. Muna kallonsa ya yi Subhanallahi talatin da uku, Alhamdu lillahi talatin da uku, Allahu akbar talatin da uku. Sai ya tsaya. Yatsansa bai kai ga limamin carbin ba, wato doguwar ƙwayar nan ta ƙarshe. Ya sake daga farko. Ya ɗauki wani, ya ɗauki na uku.

“Saura tara,” in ji shi.

“Tara me?”

“Ƙwaya tara. Namu casa'in da tara ne. Wanga ɗari da takwas ne, lissafin mabiya Buddha. Abin da na so gaya maka ke nan ran nan, ka ce ban sayi keke ba.”

Zailani ya fizge carbin ya ƙirga da kansa. Na ga lokacin da ya kai ɗari ya ci gaba. Amma Zailani ne fa. Ya ɗago ya ce, “To sai me? Gyara ne. In ka sayi tumatur a Yankaba ba a ƙara maka biyu a kai? Ciniki na iya, matar ta ji daɗina, ta ƙara mini tara-tara. Ku da ba a taɓa yi muku gyara a China ba dole abin ya ba ku mamaki.”

Hajiya ta ce, “To ranar buɗe masallaci sai ka tsaya a ƙofa ka gaya wa malaman garin su Alhaji cewa an yi wa zikiri gyara.”

Wannan maganar ce ta shige shi. Ya zauna a kan kwali, gumi ya karyo masa. Saura kwana biyu Alhaji ya sauka. Na ji tausayinsa a lokacin, har na ce ya kira Alhaji ya faɗi gaskiya, Hajiya kuma ta sake tuna masa matar shago na uku. Ya miƙe tsaye ya ce mu duka ba mu da tunani. Mene ne wahalar cire ƙwaya tara? A kwance, a zare tara, a ɗaure. Ya ce kafin magariba ya gama ɗari biyar.

Ya ari almakashi da babbar roba ta wanke shinkafa, ya shimfiɗa tabarma a saman matattakala don ɗakinsa ba wuri. Abin da bai lura ba shi ne zaren carbin mai talewa ne kamar na wando. Yana datsa na farko, ƙwayoyi suka yi tsalle kamar gugguru a kasko, ɗaya ta same shi a ido, sauran suka bi ƙarƙashin ƙofofin mutane. Na biyu ya danne da ƙafa, ya tsira da rabi. A na biyar ya gano dabarar yankawa a cikin robar, amma zaren ya gajarce ba ya ɗauruwa. Ya leƙa wajen Hajiya neman zare.

“Na kalmasa ne fa, Lawban. Ko maɓalli ba ya riƙewa.”

“Ki kawo. A hannun gwani kowane zare igiya ne.”

Ya yini yana zira ƙwaya a allura, harshe a waje. Duk wanda ya zo wucewa sai ya yi masa magana, lissafi ya ɓace, ya koma farko, ko kuma ya ce ai ya tuna inda ya tsaya. Ranar Alhamis da azahar yana da sittin da uku, robar kuma ta cika da ƙwayoyin carbin da ya yanka bai kai ga shiryawa ba. A lokacin ne Hajiya ta fito da tukunyar miyar kuka za ta kai wa masu oda a hawa na biyu. Ta ce ya janye robarsa. Ya ce ta wuce, ai hanya ta ishi mota. Ya miƙa ƙafa zai gyara zama, ƙafar ta daki robar.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, sai ka ce ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ƙwayoyi suka kwarara tun daga hawa na huɗu har ƙasa. Hajiya ta yi taku ɗaya, ta zauna daɓas, tukunya ta yi gaba ita kaɗai. Wani ɗan Ghana da ke hawowa da dila a ka ya koma ƙasa da baya yana salati. Mai gidan, wani tsoho ɗan China, ya buɗe ƙofa ya ga miya tana gangarowa da ƙwayoyi a cikinta, ya yi ta faɗa da yarensu har muryarsa ta dishe. Zailani ya bi shi yana cewa, “Sheshe, lawban, sheshe,” don sauran kalmomin biyu ba su dace ba.

Hajiya daga inda take zaune ta ce, “Zailani, in Alhaji bai tafi da kai ba, ni zan saya maka tikiti.”

Duk da haka bai saduda ba. Sabuwar dabararsa ita ce ya jera sittin da ukun a saman kwali ɗaya, Alhaji ya gani ya yaba, a rufe, sauran ya san yadda zai yi da su kafin a loda. Da ya kai kwalin masaukin Alhaji a ɓoye, wataƙila da ta yi. Amma Zailani ba ya iya cin nasara ba 'yan kallo. Ranar Juma'a ya saka kaftanin nan ruwan ɗorawa da sabuwar hula, ya saɓo kwalin har Masallacin Huaisheng, inda duk 'yan kasuwarmu ke haɗuwa.

Bayan an idar, aka fito harabar da ke kusa da tsohuwar hasumiya ana gaisawa. Alhaji Maidaji yana tsaye da abokan tafiyarsa, mutum ne mai ƙiba, ba ya son yawan magana. Zailani ya dire kwalin a gabansa ya buɗe da kansa.

“Yaya Alhaji, ga su. Sai da na tsallaka teku. Babu ɗan Kano da ya taɓa taka inda na taka.”

Alhaji ya ɗauki ɗaya ya shinshina, fuskarsa ta saki. Ya ce, “Masha Allah. Wannan karon ka yi abin kai.” Sai farin ciki ya ɗebe shi, ya juya ga jama'a ya ce, “Bayin Allah, wannan kwalin sadaka ne. Kowa ya ɗauki ɗaya ya sa mu a addu'a.”

Zailani ya ce, “Yaya Alhaji, a bari sai an je gida mana...”

Ina! Mutum ya fi ɗari a wajen. Hannuwa suka shiga kwali, sittin da uku suka ƙare cikin ƙiftawar ido, aka shiga na ƙasa. Kuma ka san mutanenmu, ba a ba su sabon carbi su sa a aljihu, sai sun gwada. Harabar ta ɗauki motsin baki. Zailani ya fara ja da baya yana neman ƙofa.

Wani dattijo ɗan Maraɗi ne ya fara magana. “Alhaji, nawa casa'in da huɗu ne.”

“Nawa ɗari da biyu,” in ji wani.

“Ni fa na gama tasbihi, carbi bai gama ba.”

Alhaji ya dubi na hannunsa ya fara ja. Bai kai ashirin ba zaren kalmasa ya ce ɗas, ƙwayoyi suka zube a kan takalmansa. Sai na dattijon ya tsinke, sai wani can baya, sai wani. Mutane suka riƙa ɗaga ƙafa suna dafa juna. Alhaji ya tsaya da guntun zare a hannu, ya ce, “Zailani.”

“Yaya Alhaji, gyara ne. Wato su mutanen wajen...”

Bai ƙarasa ba wani tsoho Musulmi ɗan China mai farar hula, wanda tun ɗazu yake ƙare masa kallo, ya matso da waya a hannu. Ya dubi wayar, ya dubi kaftanin, ya ɗaga hular Zailani kaɗan ya leƙa ƙwaryar kan. Sai ya yi murmushi ya miƙa wa Alhaji. Muka yi caa a kai. Ga Zailani a bakin teku, kai yana ƙyalli, carbi a wuya, yana tuntsurar da bokitin kifi, tsofaffi sun kewaye shi da hannuwa a haɗe. A ƙasa akwai rubutu.

Alhaji ya ce, “Wa ya iya karanta wannan?”

Sharfaddeen ya so ya zame, aka turo shi gaba. Ya yi gyaran murya ya ce, “An rubuta, babban malamin addinin Buddha daga Afirka ya ziyarci tsibiri mai tsarki, ya 'yanta kifaye. Mutum dubu ɗari huɗu sun kalla.”

Zailani ya yi salati da ƙarfi. “Wallahi Yaya Alhaji gasawa zan yi! Yunwa nake ji! Ko sallah ɗaya ban bari ba, a bayan dutse na yi!”

Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗi gaskiya tsantsa, kuma shi ne karon da aka fi yi masa dariya. Har tsohon ɗan China da bai ji ko kalma ɗaya ba sai da ya riƙe ciki. Alhaji kaɗai ne bai yi ba. Ya saki guntun zaren ya faɗi ƙasa, ya ce a hankali, “Ka tsince su tas, nan masallaci ne. In ka gama ka je ka haɗa kayanka. Jirginmu Litinin.”

Da yamma Alhaji ya zo cin tuwo yana ta tsaki, ya ce ga buɗe masallaci ya matso ba carbi. Hajiya Rahila, tana ɗingishi, ta ce ya ba ta minti ashirin. Ta sauka shago na uku ta hawo da samfur kala biyar, duk casa'in da tara, ta ƙirga su a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya wanke hannu ya naɗa ta wakiliyarsa a Guangzhou.

Ranar Litinin na raka Zailani tashar jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgin sama. Ya tsaya ya daɗe yana kallon benayen Xiaobei, idonsa ya ciko, ya ce mini hayaƙin motoci ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don duk shirmensa shi ne gishirin teburinmu, kuma garin nan ya shiga ransa fiye da yadda yake nunawa.

Bayan sati uku saƙon murya ya shigo zauren. Alhaji bai ba shi tsintsiya ba. Ya tambayi malamai sun ce itace itace ne, don haka ya zaunar da shi a ɗakin ajiya na bayan shago da allura da zare mai ƙwari da kwalaye uku da suka rage, ya ce ba zai ga rana ba sai ya mayar da kowane ɗaya casa'in da tara. Amma muryar tana nan yadda muka san ta.

“Jama'ar Teburi, ku gaya wa Sharfaddeen na yi lissafi. Tara-taran nan in na haɗa su, carbi sama da ɗari da talatin za su fito, kyauta. Wa ya taɓa kawo wa Alhaji irin wannan riba? Na ce muku gyara ne kuka yi mini dariya.”

Muna cikin saurare na kai loma baki, haƙorina ya ce ƙas a kan wani abu. Na tofo a tafin hannu, sai ga ƙwayar sandal, ta sha miya har ta yi kore. Na ɗaga ta na nuna wa Hajiya.

Ko juyowa ba ta yi daga kan tukunya ba, ta ce, “Kar ka yi mini ƙorafi. Gyara ne.”